Kurɓin Farko

"Ɗauke."

Tsohon bai ko taɓa kofin tangaran ɗin ba. Na uku ke nan da na ajiye masa da safiyar nan, kuma yau kwana uku yana yi mini haka.

"Baba, ya huce ne?"

"Ɗauke, na ce."

Na ɗauke ina murmushin dole.

Ni Lucia, shekarata biyu ina aiki a shagon kofi na Madam Hellen, daura da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, tun shekarar da aka bar fam aka koma naira. Wane irin mutum ne ban gani ba? Soja mai dukan tebur, akawun da sai ya shanye zai ce madara ta yi yawa, fasinjan Fatakwal da jirgi zai makara ya zo ya huce a kaina. Duk na iya da su. Ba yabon kai ba... to, yabon kan ne ma, duk layin tasha babu mai haɗa kofi kamar ni.

Dokar Madam biyu ce. Ba a mayar wa mai saye magana, kuma bakin ma'aikaciya ba ya taɓa tangaran ɗin baƙi. Wadda ta karya ɗaya sai ta ajiye farar rigar aiki ta kama gabanta.

Caroline, abokiyar aikina, ta raɓo ni tana goge faranti.

"Yau ma an dawo wa gwana da kayanta?"

Na wuce ta da kofin. Tun ranar da Meshak ya tsallake teburinta ya zauna a nawa take ɗauke da ni a rai.

Meshak akawun kaya ne a tasha, kuma shi ne wanda zuciyata ta kwanta da shi. Da la'asar ya tare ni ƙarƙashin mangwaron bayan shago, yana ta murza hularsa.

"Lusi tawa... wannan tsohon babana ne."



"Baba Kambai? Daga Fadan Kaje? Shi ne ka bar ni kwana uku ina ta kai da kawo?"

"Shi ya hana ni faɗa. An kai masa magana har gida, wai wani abu kike zuba mini a kofi, shi ya sa na ƙi duban kowace yarinya sai ke."

"Ni? Ni da nake waƙa a majami'a duk Lahadi?"

"Na rantse masa, bai ji ba. Gobe da tsakar rana zai hau mota. Ya ce in ya tafi bai sha daga hannunki ba, maganar aurenmu ta mutu."

"To me yake so in sa masa? Na ƙara sukari, na rage. Na sa citta, na cire."

"Na tambaye shi, masoyiyata. Cewa ya yi, in 'yar gida ce ta sani. Ni kuwa kin san a makarantar kwana na girma."

Na ji hawaye na zuwa, na haɗiye su. Ina son Meshak, so mai ciwo ma, amma ban iya roƙon mutum ya yarda ni ba muguwa ba ce.

Washegari shago ya cika maƙil, jirgin Jos ya makara. Baba Kambai ya zo ya zauna a inda ya saba, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, ƙunshin kayansa a ƙasa.

Na haɗa kofin da hannuna na kai masa. Wannan karon ban juya ba, na tsaya ina kallonsa.

Sai na lura ba tangaran ɗin yake kallo ba. Bakina yake kallo.

Wayyo ni. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Mamata na tuna, can gida Zangon Kataf, ranar gayya. Ba ta taɓa miƙa wa babba ƙwaryar kunu ba sai ta fara kurɓa a gabansa, ta share bakin ƙwaryar da tafin hannu, sannan ta durƙusa ta ba shi. Haka ake nuna wa mutum cewa in da cuta a ciki, mai bayarwa za ta fara kamawa. Abin da yarinyar da ba ta kai ɗaukar tulu ba ta sani, ni farar riga ta sa na manta.

Na waiga. Madam tana tsaye a bakin kantar shago, idonta a kaina. Na san abin da zai biyo baya, kuma ina son aikin nan kamar raina.

Na ɗauki tangaran ɗin na kurɓa. Na sake kurɓa, babba, don na bayan shago ma su gani. Na share bakinsa da tafina, na durƙusa a kan siminti, na miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga shi."

"Lucia!" in ji Madam.



Tsohon ya karɓa. Ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga gindin tangaran. Ya yamutsa fuska.

"Kai. Wannan ɗacin ne kuke ba da kuɗi kuna sha?"

Ma'aikatan jirgi suka fashe da dariya. Shi bai yi ba, ya dafa kaina.

"Tashi, 'yata. Uwarki ta koya miki, gari ne ya so ya ƙwace."

Sannan ya nuna Caroline da sanda.

"Ke da kika hau mota har gidana da magana, kin ga ta sha, ba ta faɗi ba. Sai ki nemi wata ƙaryar."

Caroline ta ajiye farantin hannunta. Ta shige ciki, ba ta ƙara leƙowa ba.

Madam ta matso, muryarta ƙasa ƙasa.

"Kin san dokata, Lucia. In na ɗaga miki, gobe kowa zai karya."

"Na sani, Madam. Da idona a buɗe na yi."

Ban roƙe ta ba. Na gama ba fasinjojin Jos abin da suka ce a kawo, na wanke tangaran ɗin teburina tas, sannan na shiga na cire rigar, na ninke ta da kyau na ba ta. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa haka.

Da na fito, Meshak yana tsaye a bakin shago yana haki, daga ofis ya rugo.

"Lusi... aikinki fa?"

"Ya tafi."

"Saboda ni?"

"Saboda sunana, tukuna kai."

Baba Kambai ya yi dariyar da ban san yana da ita ba. Ya miƙa wa ɗansa ƙunshin kayan.

"Riƙe, malam akawu. Ka aika Zangon Kataf, ka ce ranar Asabar muna zuwa da dattawa."

Na juya zan bi ta ƙofar baya, inda ma'aikata ke fita. Tsohon ya tare ni da sandarsa.

"Ina za ki? Surukata ba ta bin ƙofar baya."

Ya ɗaga labulen ƙofar gaba da hannunsa, ya riƙe shi har sai da na wuce.