Jan Zaren Babuji

Ranar da Ketaki ta fara ganin Isamu, ji ta yi kamar ta jefe shi da 'yar gudumar da take ɗaure gangunanta na tabla da ita.

A saman benen gidansu ne, a unguwar makaɗa ta Banaras. Mahaifinta, Pandit Raghunandan, mawaƙin da ko yabonsa sai ka yi a hankali, shi ya ce ta raka baƙon da kiɗa a ji abin da ya zo da shi daga Japan. Abin kuwa wata ƙatuwar sarewar gora ce, shakuhachi, wadda rabin sautinta iska ce zalla.

Ya fara busa, ta shiga da gangunanta. Suna tsakiyar zagayen kiɗa sai ya ɗauke ɗif, ido a rufe, sarewa a baki. Ketaki ta ɗauka ɓata ya yi, ta cike masa gurbin da ruwan bugu kamar yadda ake rufa wa ɗan koyo asiri.

Ya buɗe ido. "Kin taka min shiruna," in ji shi da Hindinsa mai ɗingishi.

"Na taka maka me?"

"Shirun. Shi ma cikin waƙar yake."

"A garinku ke nan. Nan in mutum ya yi shiru a tsakiyar zagaye, ko ya manta ne ko ya mutu. Wanne ne naka?"

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Dhiraj, babban ɗalibin gidan, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa Pandit takalmi, yana kuma kallon Ketaki a matsayin ladansa.

Pandit ya ce baƙon ya zauna can baya ya riƙa saurare. "Zare kuwa, ba na ɗaura wa mai hura wuta."

Jan zaren nan shi ne komai. Sai malami ya ɗaura maka shi a wuyan hannu kafin ya buɗe maka waƙoƙin gida, waɗanda ba a koya wa bare. Dominsa Isamu ya bar aikinsa a Osaka, ya bar uwarsa tana fushi.

Faɗansu bai tsaya nan ba. Kullum da hantsi in tsohon ya kwanta hutawa, sai su hau bene kowa ya nuna wa ɗan'uwansa kuskurensa. Ita ta sa masa suna Bebe. Shi ya ce mata Ƙanƙara, wai yatsunta ba su san sauka a hankali ba. Maƙwabta mun sha jin tsiyarsu har mun haddace.

Wata rana don ta ba shi haushi, da ya yi shirunsa sai ita ma ta ɗage hannu, tana ci gaba da ƙirga zagayen a zuci. Benen ya yi tsit. Da lissafinta ya kai kan zagaye ta sauke hannu, shi kuma a daidai nan numfashinsa ya faɗo cikin gora. Tare suka sauka.

Suka kalli juna. Ketaki ta ji tsoro, don ta san abin da ya shige ta.

"Sa'a ce kawai," ta ce.

"To mu sake."

Suka sake, suka kuma sakewa. Kafin damina ta shigo sun haɗa wani kiɗa da ba na Indiya ba, ba na Japan ba, rabinsa raga, wato salon waƙar Indiya, rabinsa jira. Saƙonni kuma suka fara kai-komo.

"Ƙanƙara, yau kin shigo da wuri sau biyu. Amma na ji daɗin ganinki."

"Bebe, ka gyara zance. Kai ka makara. Ka ci abinci kuwa, ko yunwar ma cikin waƙar take?"

Dhiraj ne ya kai maganar, ya kuma ƙara mata gishiri. Pandit bai yi faɗa ba, abin da ya kamata ya tsorata kowa ke nan. Sai kawai ya sanar cewa ranar bikin girmama malamai zai ɗaura wa Isamu zare.

Isamu kamar ya tashi sama. Ya rubuto mata: "Ƙanƙarata, Guruji, malamina, ya karɓe ni. Abin da na zo nema ya samu. Ban taɓa farin ciki irin na yau ba."

Ketaki ta karanta har idonta ya cika. Kowane yaro a unguwar ya san wanda malami ya ɗaura wa zare ya zama ɗansa, 'yar malam kuma ta zama 'yar'uwarsa, babu aure har abada. Ba ta kawo a ranta cewa akwai mai rai da bai san haka ba. Ta ɗauka ya auna ta da waƙa, waƙa ta rinjaye ta.

Ta mayar masa: "Na taya ka murna. Kada ka ƙara kirana da sunan nan." Ta toshe lambarsa, ta daina hawa bene.

Ranar biki da safe tsakar gida ta cika. Isamu ya durƙusa gaban Pandit da kwakwa da furanni da alewa a faranti, ya miƙa hannun dama. Zaren ya zagaya sau ɗaya. Saura ƙulli.

Da Dhiraj ya iya riƙe bakinsa na minti ɗaya, da ya ci nasara. Amma mugunta ba ta da haƙuri.

"Ketaki, matso mana," ya ce yana murmushi. "Zo ki taɓa ƙafar sabon yayanki."

Isamu ya juyo. "Yaya kamar yaya?"

"Au, ba a gaya maka ba? Daga yau ƙanwarka ce. In aurenta ya zo har da kai za a ɗauki kaya."

Isamu ya dubi tsohon. "Guruji, gaskiya ne?"

"Haka muka gada," in ji Pandit. "Miƙe hannunka."

Isamu ya nemo Ketaki da ido. Tana jikin ginshiƙi, fuskarta a kumbure. A nan ya gane saƙonta, ita ma ta gane bai sani ba.

Ya janye hannunsa. Zaren ya zame ya faɗi cikin faranti.

A Banaras ana roƙon zare shekara da shekaru, ba mu taɓa jin wanda ya mayar da shi ba. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Ka san abin da ka yi?" in ji Pandit. "Muddin ina numfashi ba za ka ji ɗigon waƙar gidan nan daga bakina ba."

"Na sani, Guruji. Ita na zo nema, kuma zan yi kewarta har in mutu. Amma ba zan iya kiran Ketaki ƙanwa ba."

"Fitar min daga gida."

Ya sa goshi a ƙasa irin gaisuwar mutanensu, ya ɗauki gorarsa ya fita.

Ketaki ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta shiga ɗaki ta lulluɓe tablarta da zane ta ɗaure.

"Babuji, ba zan gudu ba, ba zan kunyata ka ba," ta ce wa mahaifinta. "Amma hannuna ya tafi da shi."

Tun tana 'yar shekara tara take masa kiɗa, ta san inda numfashinsa ke ƙarewa kafin shi ya sani. Ya kirawo makaɗa uku, ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Dhiraj ya kawo wani ɗan'uwansa, aka kore su tare. Lokacin bukukuwa ya zo, Pandit yana zaune a gida yana wa kowa masifa.

Matarsa ce ta gaji. "Tarko ka kafa wa yaro ya tsallake, sai ka kama fushi da mu? Ka taɓa ganin wanda ya bar waƙarka don wani abu? Ni ban samu haka daga gare ka ba."

Tsohon ya yi kwana biyu yana juya maganar. A na uku Isamu ya ga saƙo daga lambar da ta daɗe da toshe shi.

"Bebena, ka zo da farar riga. Babuji ya ce ka zo. Kada ka yi masa shirun nan naka, ka gaishe shi da baki."

Aka ɗaura aure a farkon sanyi. Uwar Isamu ta zo daga Osaka, ta yi ta share hawaye tana cewa barkono ne. Da ango da amarya suka zagaya wuta suka durƙusa gaban Pandit, ya daɗe yana hararar Isamu kafin ya ɗora hannu a kawunansu.

"Na ba ka 'yata. Waƙata kuwa na riga na rantse. Ubangiji ya raya ku, ya ba ku 'ya'yan da suka fi ku jin magana."

Ya cika rantsuwarsa. Har yau bai koya wa surukinsa ko ɗigo ba, in sun haɗu a matakala ma da ƙyar yake amsa gaisuwa. Sai dai tun satin bikin ya mayar da wurin atisayensa ɗakin da ke manne da nasu, kuma komai sanyin safiya tagar a buɗe take. In ya kai wuri mai wuya, sai ka ji ya maimaita shi a hankali, sau biyu, yana tsaki.