Ciwon da Likitoci Suka Kasa Sa Wa Suna

"Kai, sauke hannunka! Kar ka taɓa!"

Tegan Pavlich ba ta san sanda maganar ta fito daga bakinta ba. Saurayin da ke tsaye gaban rumfar zumarta, a kasuwar Asabar ta Bellingen, ya tsaya cak da yatsunsa a bayan kunne.

"Kaska ce ta maƙale maka. In ka matse ta, duk abin da ke cikinta a jikinka za ta juye. Zauna nan."

Ya zauna kamar ɗan makaranta, duk tsayinsa. Ta ciro 'yar kwalbar feshi daga jaka, ta fesa har ƙwaron ya daskare, ta ce ya bar ta ta faɗi da kanta.

"Haka kike tarbar duk mai saye?" ya tambaya yana murmushi.

"Masu kawo min kaska rumfa kawai."

Ya ce sunansa Rowan Keogh, kafa shingen gonaki ne aikinsa, shi ya sa kullum yake cikin ciyawa. Ya sayi zuma kwalba biyu. Tana miƙa masa kwalaben jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafe tebur.

"Lafiya kuwa?"

"Irin wadda na kashe maka ce ta cije ni, shekara huɗu ke nan. Har yau ban koma daidai ba."

Ta faɗa tana kallon fuskarsa. Ta saba: da ta ambaci ciwon, sai gira ta ɗaga, ko a yi mata wani ɗan murmushi na "to, haka ne." Rowan kuwa kujerar ya tura mata, ya tsaya yana yi mata ciniki har mahaifinta ya dawo.

Da can Tegan aikin sare wani mugun tsiro mai suna lantana take yi a daji, tana hawa tudu da kaya a baya. Bayan cizon sai zazzaɓi, sai ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa kafaɗa, sai gajiyar da barci ba ya maganinta. Wata rana ta tashi garau, washegari ko cokali ta ɗaga sai ta huta.

Likitan garinsu ya ce cutar cizon kaskar da take karantawa a intanet babu ita a ƙasar nan. Na biyu ya ce gajiya ce mai daɗewa. Na uku ya duba jininta, ya ce tsaf yake, ya tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Sai wani a Sydney, Dakta Ferrand, da ya aika jininta ƙasar waje, ya riƙe hannunta ya ce, "Ba ƙarya kike yi ba, sauran ne ba sa son gani." Ranar ta yi kuka a mota. Tun daga nan take shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ya rubuta mata, wata bayan wata.

Rowan ya koma ɗan kasuwar Asabar. Zumar da ya tara a gida ta isa buɗe shago. Saƙonni suka fara shigowa.

"Zumata, yau ranar tashi ce ko ranar kwanciya?"

"Ta kwanciya, Mai Kaska. Ƙafafuna sun tafi yajin aiki."

"To ga ni nan tafe da kifi da dankali. Ke dai ki tauna, sauran aikin nawa ne."

Mahaifinta, Ante, mai kiwon zuma ne da ba ya ɓoye abin da ke ransa. Tun rasuwar matarsa su biyu ne a gidan. Daga taga ya kalli motar Rowan ya yi tsaki.

"Wancan saurayin naki na baya ma haka ya fara, da furanni da komai. Da ya ga ciwon ba mai ƙarewa ba ne, ina yake yanzu?"

"Baba, Rowan daban ne."

"Zan gani."

Ita ma ɗin gani take jira. Duk sanda ta soke fita saboda jiki, sai ta bi amsarsa kalma-kalma tana neman alamar gundura.

Da maganar aure ta taso, Rowan ya kai ta cin abincin Lahadi wurin mahaifiyarsa. Glenys Keogh tsohuwar nas ce, ta yi ritaya amma idonta bai yi ba. Ta gasa cinyar rago, ta kuma gayyaci Bronte, wadda ke aiki a kemis ɗin garin, tsohuwar budurwar Rowan.

"A hanya muka haɗu, na ce ta shigo," in ji Glenys.

Tegan ta ga faranti huɗu a jere tun kafin su zauna. Ta ja kujera ta zauna.

"To ni fa ban gane ba," Glenys ta ce tana yanka nama. "Makon jiya an gan ki a bakin kogi kina dariya. Shekaranjiya kuma Rowan ya bar aiki wai ba kya iya tashi. Wane irin ciwo ne mai zaɓen rana?"

"Mama!"

"Tambaya na yi. Duk shekarun da na yi a asibiti ban taɓa ganin irinsa ba. Amma na ga 'yan mata da yawa da ba sa son aiki."

Bronte ta sunkuyar da kai tana juya cokali. Tegan ba ta iya tantance ko kunya ce ko dariya take ɓoyewa ba. Ta ajiye nata cokalin, ta ce ta gode da abinci.

A mota Rowan ya yi ta ba ta haƙuri. Ita kuwa abu ɗaya ke cin ta: bayan "Mama!" bai ƙara ko kalma ba.

Ba a daɗe ba wata mai sayar da furanni a kasuwa ta raɗa mata cewa ta ga Rowan da Bronte suna shan kofi. Tegan ta ce aikin banza ne. Amma ranar Laraba, tana cikin motar mahaifinta, ta hango su da idonta a gaban kemis. Rowan na nuna wa Bronte wani abu a waya, Bronte na girgiza kai.

Da yamma ya zo. Ya ajiye wayar a teburin kicin ya fita taya Ante sauke akwatunan zuma. Ba halinta ba ne, amma ta ɗauka. Hotunan kwalaben magungunanta ta gani, ɗaya bayan ɗaya, an ɗauke su a banɗakinta. A ƙasa ga saƙon Bronte: "Rowan, gaskiya wannan ba daidai ba ne. Sai fa ka gaya mata."

Yana shigowa ta miƙa masa wayar.

"Bincikena kake yi?"

"Zumata, tsaya ki ji."

"Kar ka ƙara kirana haka. Ka shiga banɗakina, ka kai wa tsohuwar budurwarka sirrina, don ta tabbatar maka ƙarya nake yi ko?"

"Ba haka ba ne. Tsoro nake ji. Kin rame, ba kya cin abinci, kullum amai. Bronte ta ce magungunan nan sun yi yawa, an kuma daɗe ana ba ki. Ta ce hanta ba za ta ɗauka ba."

"Dakta Ferrand ne kaɗai ya yarda da ni!"

"Yarda da ke daban, yi miki daidai daban."

"To kai fa? Kalle ni. Ka taɓa zargin a kaina ciwon yake?"

Ya kawar da kai. 

"Da farko, eh. Ranar da Mama ta yi magana ma na ɗan yi tunanin. Amma yanzu..."

"Fita."

Ya fita. Ante da ke tsaye bakin ƙofa bai ce "na gaya miki" ba, ya dai bi motar da kallo har ta ɓace.

Saƙonni suka yi ta zuwa, ba ta amsa ko ɗaya ba.

"Na yi laifi da na yi abin a ɓoye. Tsoron fushinki ne ya sa. Ki tsane ni in kina so, amma don Allah ki je a duba hantarki."

Ta kife wayar, ta haɗiye ƙwayoyin safe da gayya. A ranta tana cewa makirci ne: uwar da Bronte sun haɗa kai, shi kuma ya bi su.

Wata safiya Ante ya tafi kai amya wata gonar itatuwan macadamia masu 'ya'ya kamar gyaɗa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Da ƙyar Tegan ta ja jiki ta buɗe. Glenys ce, fuska a ɗaure.

"Ɗana ba ya ci, ba ya barci. Na zo ne in ce miki, in kin rabu da shi ki rabu da shi gaba ɗaya, ki daina..."

Maganar ta tsaya. Glenys ta matso, ta kama haɓar Tegan ta juya fuskarta wajen haske, ta ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa.

"Tun yaushe idonki ya yi rawaya haka? Fitsarinki fa, ya yi duhu?"

"Ki ƙyale ni. Ai ke kika ce lalaci ne."

"Abin da na ce ki bar shi sai anjima. Kwaso magungunan duka, ki shiga mota."

"Don ku raba ni da likitana?"

"Yarinya, ban san abin da kaskar ta yi miki ba. Wannan kuwa na san shi. Shiga mota."

Muryar ba ta zargi ba ce, ta tsoro ce. Tegan ta shiga.

A asibiti aka tabbatar hantarta ta kumbura, aka kwantar da ita, aka dakatar da magungunan. Da ta samu ƙarfi ta kira Dakta Ferrand. Ya ce alamar magani na aiki ke nan, kar ta bari a ruɗe ta. Ta daɗe da wayar a kunne bayan ya kashe. Mutumin da ta fi yarda da shi bai ko tambayi yadda take ji ba.

Likitar da ke duba ta, Dakta Nalini, ta ja kujera ta zauna gefen gadon.

"Ke ma za ki ce a kaina yake?" Tegan ta tambaya.

"A'a. Ba ki da lafiya, wannan a fili yake. Sunan ciwon ne ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙiro miki ba. Akwai masu irin naki, likitoci na ta gardama a kai. Kafin su gama, mu lallaɓa jikin nan: ciwon gaɓoɓin, barcin, yadda za ki riƙa raba ƙarfinki. Ban yi miki alkawarin warkewa ba."

Ba wanda ya taɓa ce mata "ban sani ba." Ta yi mamakin yadda hakan ya kwantar mata da hankali.

Ante ne ya shigo da labarin Rowan. "Yaron nan yana baranda tun ranar da aka kawo ki. Na kore shi, ya ƙi tafiya. Shi ya kwashe min zumar makon nan, ƙudan zuma suka harbe shi har ido ya rufe. In ba kya son sa, ni dai ina so."

Rowan ya shigo da kumburarren ido ɗaya. Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne.

"Kai da Bronte fa?"

"Aurenta wata mai zuwa, da wani malamin makaranta. Ita ta yi ta matsa min in gaya miki."

"Ka ce ka taɓa zargina."

"Na taɓa. Na ga gara ki ji gaskiya mai ɗaci da in yi miki ƙarya. Amma na ga ranakunki masu kyau da marasa kyau, Zumata. Ba mai yi wa kansa haka da gangan. Ba na buƙatar takardar likita. Ki aure ni."

"Wataƙila fa ba zan warke ba."

"Na ji."

"Wata rana ko shayi ba zan iya haɗa maka ba."

"Shayinki dama ba daɗi."

Ta kai masa duka a kafaɗa, hawaye na zuba. "Sharaɗi ɗaya, Mai Kaska. In ka ji shakka, ni za ka fara tambaya. Ba kemis ba, ba mamarka ba."

"Na ɗauka."

An ɗaura auren a ƙarshen hunturu, a ɗan cocin da ke gefen kogi. Ranar ba ta zo mata da sauƙi ba, gwiwoyinta suka ƙi. Ta ce ba za a ɗaga auren ba. Ante ya riƙe ta har gaban limamin cocin, aka kawo kujera ta zauna. Rowan ya durƙusa a gabanta don fuskokinsu su daidaita, a haka suka yi alkawari.

Wata gwaggon ango ta raɗa da ƙarfi, "Ai jiya na gan ta da ƙafarta a gari."

Glenys ta juyo. "Jiya ke nan, Marlene. Yau surukata zama take so. Akwai magana?"

Babu magana.

A wurin liyafa Ante ya miƙe da kofi a hannu.

"Ni ba mai iya jawabi ba ne. 'Yata guda ce, na ba ka ita da ciwonta da bakinta mai kaifi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ƙara mata ƙarfi, ya ba ka haƙuri. Ranakun daɗi ku more su, na wahala ku raba."

Jama'a suka amsa da amin. Aka sa kiɗa, Tegan ta ce a ɗaga ta. Rabin waƙa ta iya takawa, kanta a ƙirjin mijinta, sannan ta ce ya isa. Rowan ya zauna kusa da ita ya riƙe hannunta, suna kallon Glenys tana jan Ante zuwa fili, tsohon yana rantsuwa shi bai iya rawa ba.