Auta da Ɗanyen Tumatir

Auta yana aji huɗu. Ba abin da yake so a makaranta kamar lambun ajinsu, wanda yake bayan ɗakin karatu kusa da famfo. Tumatir suka shuka, layi shida. Kullum shi ne farkon zuwa ban ruwa, shi ne na ƙarshen tafiya.

Amma akwai abin da yake ci masa rai. Idan yara suka ce, "Kai, dubi wancan, ya yi ja!" sai Auta ya duba. Ya ƙura ido har idon ya kawo ruwa. Shi dai duk iri ɗaya yake ganinsu, da nunanne da ɗanye. Sai ya ce, "Haka ne kuwa," don kada a gane.

Yana so ya ga jan nan da kowa yake yabo. Ko sau ɗaya ne.

Wata rana wata nas ta zo makarantar gwajin ido. Ta kawo littafi. A kowane shafi akwai da'ira cike da ɗigo-ɗigo masu launi, da lamba a ɓoye a ciki. Yara suka yi layi.

Wani yaro mai surutu ya ce, "Duk wanda bai ga lamba ba makaho ne!"

Gaban Auta ya faɗi. Idan aka ce shi makaho ne, wa zai bar shi ya kula da lambu? Sai ya kasa kunne. Yarinyar da ke gabansa tana karantawa da ƙarfi.

"Sha biyu. Takwas. Ashirin da tara."

Auta ya haddace su tsaf. Da aka zo kansa, ya ga sha biyu a shafin farko. A na biyu kuwa, wani abu ya gani kamar uku.

"Takwas," in ji shi.

Nas ta buɗe na gaba. Bai ma tsaya dubawa ba. "Ashirin da tara."

"Madalla. Na gaba!"

Ya wuce, amma zuciyarsa ba ta yi masa daɗi ba.

Bayan mako biyu tumatir ya fara nuna. Malamar ajinsu ta ɗauko kwando. Ta ce, "Auta ya fi kowa wahala a lambun nan. Shi zai yi mana tsinkar farko, mu raba, kowa ya kai gida."

Ta miƙa masa kwandon. "Nunannu kawai, ka ji? Waɗanda suka yi ja."

"To, Malama."

Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar lambu. Ya duba nan, ya duba can. Wanne ne ja? Sai ya ce a ransa, ai manya su ne nunannu. Ya bi layi-layi yana tsinke duk wani babba, har kwando ya cika.

Ya shiga aji ya ajiye kwandon. Nan take hayaniya ta tashi.

"Malama, ɗanyu ne!"

"Ya ɓata mana lambu!"

Fiye da rabin kwandon kore ne shar. Wata yarinya har da kuka.

Malama ta dube shi. "Auta, wasa ka mayar da aikin? Me ya sa ka yi haka?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, tunda ba za ka yi magana ba, ka huta da zuwa lambu."

Kwana uku Auta yana zaune a bakin taga lokacin hutun tara. Yana jin ƙarar ruwa a bokiti. Yana hango yara suna ban ruwa, wasu ma a kan ganye suke zubawa maimakon gindi. Ƙafarsa har ƙaiƙayi take yi. Kewar lambun ta hana shi cin abincinsa.

A rana ta uku Mama ta ga ya dawo da abincin ko taɓawa bai yi ba.

"Autana, me ya same ka? Kai da ko ƙanzo ba ka bari?"

Sai hawaye. Ya gaya mata komai, har da lambobin da ya haddace.

"Mama, ni makaho ne?"

Mama ta jawo shi jikinta. "Makahon da yake hango alewa a saman kabad? Haba dai. Ka san kakanka, babana? Shi ma haka yake. Ya taɓa fita da safa ɗaya ja, ɗaya kore, yana ta taƙama."

Auta ya yi dariya cikin kuka.

Washegari suka je asibitin ido. Likita ya buɗe irin littafin nan. Wannan karon Auta ya faɗi abin da ya gani kawai. Inda bai ga komai ba, ya ce bai gani ba.

Likita ya ce, "Idonka lafiya lau yake gani. Ja da kore ne kawai suke rikice maka. Gado ake yi, ba laifinka ba ne, kuma ba a ɗauka. Yara maza da yawa haka suke."

"Akwai magani?"

"Babu, yarona. Amma akwai dabaru. Idan malamanka suka sani, za su taimake ka."

 A hanyar gida Auta ya ce, "Mama, ja yaya yake?"

Mama ta daɗe tana tunani. "Ban san yadda zan gaya maka ba. Yana da kyau. Amma ba shi kaɗai ne mai kyau ba."

Da safe ya sami Malama kafin a shiga aji. Ya ba ta takardar likita. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Na yi ƙarya ranar gwaji. Tsoro na ji kada a raba ni da lambu."

Malama ta karanta, ta dafa kafaɗarsa. "Da ka faɗa tun farko, ai da ban tura ka kai kaɗai ba. Ni ma ka yi haƙuri, na ɗauka ganganci ne. Zo mu je."

Ta kai shi lambu. Ta sa masa tumatir biyu a hannu. "Rufe idonka. Matsa a hankali."

Ɗaya tauri kamar dutse. Ɗaya kuma ya ɗan lotsa, yana ƙamshi.

"Wannan ne nunanne!"

"Ka canka daidai. Daga yau kai za ka riƙa taɓawa, wani ya duba maka launi."

Malama ta yi wa ajin bayani. Yaron nan mai surutu ya ji kunya, shi ne ma ya fara ɗaga hannu ya ce zai riƙa duba masa. Ɗanyun kuwa, aka jera su a taga, bayan 'yan kwanaki yawancinsu suka nuna. Kowa ya sami rabonsa.

Har yau Auta bai ga ja ba, kuma yakan so ya gani. Amma ya koma lambunsa. Ya kuma gane cewa ɓoye matsala ƙara ta yake yi. Idan ba ka gani ko ba ka gane ba, ka faɗi gaskiya, za a taimake ka.