Sunan da Aka Cire Daga Baitin Ƙarshe

A shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, wata yarinya a unguwar Takur, cikin Dutse, ta duƙufa kan rubuta waƙa. Ƙawarta Mashkura tana can Miga, kulle ya tsare ta a gidan iyayenta.

Sai suka koma aiki ta waya. Yarinyar takan rera baiti ta tura. Mashkura takan ari wayar yayanta, ta tsaya a gindin rumbu, inda kaɗai ake samun sabis, ta tsara amshi ta mayar. Cikin mako uku suka kammala waƙa a kan wanke hannu.

Al'adar mawaƙa ce su ambaci sunansu da na abokan aikinsu a baitin ƙarshe. Yarinyar ta ambaci nata kaɗai.

"Baitin zai yi tsawo," in ji ta a zuci. Ta tura wa wani gidan rediyo.

Ranar Asabar da hantsi aka sa waƙar. Gida ya kaure da guɗa. Can da rana aka kira wayar Umma. Iyatu ce, mahaifiyar Mashkura. Umma ta saurara, fuskarta ta canza.

"Innalillahi! Zo nan. Wa ya yi amshin waƙar nan?"

"Mashkura ce, Umma."

"To ina sunanta?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ta faɗa wa maƙwabta za a ji ta a rediyo," in ji Umma. "Suka kunna, suka jira har ƙarshe. Yanzu yara na leƙowa ta katanga suna ce mata Mashkura maƙaryaciya. Ko abinci ta kasa ci."

Yarinyar ta ɗago kai. "Maƙaryaciya? Wallahi muryarta ce!"

"Ke kin sani. Su wa zai gaya musu? Don tana ƙauye ke kina birni, shi ne wahalarta ba ta da suna? Wannan zalunci ne!"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta ɗauki waya ta kira Miga.

"Mashkura, ki yafe mini. Na cuce ki."

Can Mashkura ta ce, "Ba ni kaɗai za ki faɗa wa ba. Ki faɗa inda kowa zai ji."

A ranar yarinyar ta sake rera baitin ƙarshe, ta sa sunan Mashkura a gaban nata. Ta roƙi mai gabatar da shirin ya bar ta ta yi bayani da bakinta. Ya amince.

Asabar ta zagayo, Miga ta ji gaskiya. Mashkura ta kira tana dariya.

"Malama mawaƙiya, sunana ya ma fi naki daɗin rerawa! Turo sabon baiti."

Yara, duk wanda kuka yi aiki tare da shi, ku ambaci sunansa. Ɓoye wahalar wani zalunci ne, ko da yana nesa da ku.