Suwaitar da Ba a Rufe Bakinta Ba

Auta na zaune a falo da kwandon zarenta a gefe, ta cusa ƙafafunta cikin safa saboda sanyin da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai ga Yaya ta turo ƙofar ko ƙwanƙwasawa babu. Haka take shigowa kullum. Ita ce babbar yayar mijin Auta, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, kuma har yau a ganinta gidan ƙanenta ɗaya ne daga cikin ɗakunanta.

Ta dire wata leda cike da jan zaren ulu a kan tebur, ta ce hutu ya kusa, za a sake tafiya gidan Kawu can saman duwatsu inda dangi ke taruwa duk lokacin sanyi, don haka tana son doguwar suwaita har gwiwa.

"Dizayin da babu wadda ta taɓa sawa nake so," in ji ta. "Kar ki yi mini irin wanda kike yi wa 'yan makaranta. Hotuna za a yi."

Auta ta ɗago kai, ta yi murmushi, ta ce, "An gama, Yaya."

Da Yaya mai lura ce da ta kwashe zarenta ta gudu, don murmushin nan bai wuce leɓe ba. Amma Yaya ba ta taɓa kallon fuskar Auta da kyau ba tun da aka kawo ta gidan, ba kuma a ranar za ta fara ba.

Abin ya samo asali ne daga tafiyar bara. Mahaifin Auta makaɗin jita ne, a wani otal yake wasa har ya rasu, kuma abin da ya bar mata ke nan: kaset ɗaya tak, shi kaɗai yana kiɗa a ɗaki, a ƙarshe ya yi tari, ya yi dariya, ya ce, "Auta, rufe mini ƙofar nan." Kaset ɗin ne ma ya haɗa ta da mijinta. Wata rana rediyo ya tauna shi, ta kai shi shagon wani saurayi mai gyaran rediyo da waya da ake kira Injiniya, tana kuka kamar an yi sabuwar rasuwa. Ya zauna da biro yana juya zaren kaset ɗin a hankali har ya koma daidai. Kafin ya gama ta riga ta san wanda za ta aura.

Tun suna saurayi da budurwa ya yi mata alkawarin zai juye kiɗan a waya. Sai dai Injiniya irin masu gyaran nan ne da kayan kowa ke gyaruwa a hannunsu ban da na gidansu. Fankar ɗakinsu na kuka, hitar da ke ɗumama motarsa ta mutu, kullum gobe, kullum jibi.

A tafiyar bara su uku ne a motar, don Mama, uwar mijin, ta riga su yin gaba. Auta ta saka kaset ɗin a tsohon rediyon motar tana sauraro daga baya. Yaya ta yi tsaki, ta ce wannan wane irin kiɗa ne kamar ana zaman makoki, yana sa mata ciwon kai. Kafin Auta ta buɗe baki Yaya ta zare kaset ɗin, ta sauke gilashi, ta wurga shi waje, daidai kan wata gada mai ruwa a ƙasa. Auta ta ƙwala ihu. Injiniya ya kalli yayarsa, ya kalli matarsa ta madubi, ya ce ta yi haƙuri, za su yi magana in sun isa. Ko birki bai taka ba.

Ba su yi maganar ba. Yaya ba ta taɓa cewa sori ba, shi kuma da Auta ta tayar da zancen sai ya hau susar kai yana cewa Yaya ce fa, ita ta raine shi, me zai ce mata? Daga nan Auta ta ja bakinta ta yi shiru. Tana dafa masa abinci, tana goge masa kaya, tana amsa masa da to, amma a ranta ta tsane shi kusan kamar yadda take son sa, kuma wannan ne ya fi ci mata rai.

Yanzu ga zaren Yaya a hannunta. Ta sha alwashin sai ta rama, a gaban dangin nan da Yaya ke son burgewa, in ta gama kuma ta hau motar haya daga can ta wuce gidan yayanta namiji, auren ya tsaya a nan.

Ba ta taɓa yin saƙa mai kyan wannan ba. Ta fara daga wuya ta gangaro ƙasa, ta yi mata igiyoyi masu murɗewa a ƙirji, ta yi aljihu, ta yi wuya mai naɗewa. Duk mai saƙa ta san aiki ba ya ƙarewa sai an yi ƙullin ƙarshe an rufe baki, in ba haka ba zare ɗaya za a ja riga ta fara komawa zare layi bayan layi. Auta ta zo layin ƙarshe ta ƙi yin ƙullin. Ta bar dogon zare, ta naɗe shi, ta cusa shi cikin bakin rigar ta baya inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya ƙara tunzura ta shi ne Injiniya. Yakan dawo daga shago ya tarar da ita a kan aikin, ya tsaya yana washe baki, yana cewa shi dai ya yi sa'ar mata, ga hannu ga zuciya mai yafiya. Ita kuwa sai ta ƙara matse allurar har yatsanta ya yi fari.

Ranar tafiya suka tashi da safe su huɗu, wannan karon har da Mama. Yaya ta fito cikin jar suwaitarta tana juyi, ta kama kujerar gaba ba tare da ta tambayi ko tsohuwa na so ba. Auta ta zauna a bayanta, Mama a gefe. Tun kafin su fita gari Yaya ta ce a ja kujerarta baya, ƙafafunta sun takure, aka ja har ta danne gwiwar Auta. Ta ci gyaɗa ta zuba ɓawon a ƙasa. Ta kunna waƙoƙinta na rawa a waya da ƙarfi, sai da Mama ta ce kanta na sarawa sannan Yaya ta toshe kunnuwanta da iyafis, tana bin waƙar da muryar da ba ta san hanyarta ba.

Da suka fara hawa duwatsu sanyi ya sauka da gaske. Hita babu, gilashin gefen Mama kuma ba ya rufuwa har sama. Tsohuwa ta fara rawar ɗari tana tari. Injiniya ya taɓa kafaɗar Yaya, ya ce ko za ta ɗan ara wa Mama suwaitar zuwa su isa. Yaya ta zare iyafis ɗin kunne ɗaya, ta ce haba, ai za ta yamutse kafin a yi hoto, ba ga bargo a but ɗin mota ba? Ta mayar da iyafis ɗinta. Bargon kuwa yana can ƙarƙashin akwatuna. Auta ta cire mayafinta mai kauri ta lulluɓe Mama da shi, ta rage daga ita sai 'yar riga.

A lokacin ne duk wani ɗan guntun tausayi da ya rage mata ya fita. Ta sunkuya kamar tana gyara takalmi, ta zura yatsu ta tsakanin kujera, ta jawo zaren nan daga bakin suwaitar, ta ɗaure shi tam a ƙarfen ƙarƙashin kujerar. Ta san halin Yaya. Akwai gidan mai a gindin hawan ƙarshe inda motocin dangi ke jiran juna, kuma Yaya ce kullum take fara fita, ta ratsa filin da sauri hannu a buɗe tana gaisuwa. Kafin ta kai tsakiyar filin rigar za ta fara hawa sama, jan zare na bin ta a baya, yara na dariya, wayoyi na ɗauka. Auta ta ji daɗin tunanin har ta manta da sanyi.

Ta ɗago ke nan ta ga Mama na kallon zaren. Tsohuwa ta yi saƙa a zamaninta, ba sai an yi mata bayani ba. Ta bi zaren da ido daga ƙarfe har bakin riga, sannan ta dubi Auta. Auta ta daskare tana jiran faɗa.

Mama ta fito da hannu daga cikin mayafi, ta kama hannun Auta mai sanyi, ta ce a hankali, "'Yata, me ta yi miki?"

Shekara guda cur babu wanda ya yi mata wannan tambayar. Auta ta so ta ce babu komai, sai kuka ya riga ta. Ta faɗa wa Mama komai, kaset da gada da muryar mahaifinta da ba za ta ƙara ji ba, har da motar hayar da ta yi niyyar hawa. Yaya na gaba tana kaɗa kai tana rera waƙarta, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Injiniya kuwa ya ji duka.

Mama ba ta ce mata ta kwance ba. Ta dai riƙe hannunta. Auta ta dubi tsohuwar da ke lulluɓe da mayafinta, ta tuna cewa kunyar da za ta zuba wa Yaya a filin nan a kan Mama za ta fara sauka, don 'yarta ce. Ga gidan man ya bayyana, ga motocin dangi. Ta sunkuya ta kwance zaren da kanta, kuma Allah ya sani ba da daɗin rai ta kwance ba.

Mota na tsayawa Yaya ta kai hannu ƙofa. Mama ta miƙa hannu ta fizge iyafis ɗin daga kunnenta.

"Zauna. Kaset ɗin uban yarinyar nan kika jefa a ruwa, kika yi shekara ba ki ba ta haƙuri ba?"

Yaya ta juyo tana zare ido, ta ce wane haƙuri kuma, ai tsohon kaset ne kawai, tun a daren da suka isa bara ƙanenta ya ce mata kar ta damu, akwai kwafi a waya. Ta dubi Injiniya don ya gaskata ta. Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Babu kwafi, Yaya," in ji shi. "Ban taɓa juyewa ba. Na faɗa miki haka ne don kar ki ji nauyi, na bar ta ita da nauyin ita kaɗai."

Mama ta ce masa ta haifi ɗa, ba ta san ta haifi matsoraci ba, namijin da zai saya wa kansa zaman lafiya da hawayen matarsa. Ba ta ɗaga murya ba, amma Injiniya ya ji da ma dukansa ta yi. Ya fito, ya zagayo, ya buɗe ƙofar Auta, ya durƙusa a kan siminti mai sanyi, dangi na kallo daga nesa.

"Auta, abin da na ɓatar miki ba ni da hannun gyara shi. Yaya jefawa ta yi, amma ni na kashe shi, tun ranar da na fara ce miki gobe. In kin ce za ki tafi ba ni da bakin hana ki. Amma ina roƙon ki, ki koma gida da ni."

Auta ta dube shi. Haushi bai gama fita ba, amma abin da ta shekara tana jira ke nan, ya faɗa da bakinsa a gaban yayarsa. Ta ce masa ya tashi, mutane na kallo, kuma gidanta babu wanda zai kore ta daga ciki, har ita kanta.

Yaya ta fito daga motar. Ta tsaya a gaban Auta tana murza hannu, da ƙyar ta ce ita ma ta san zafin rashin uba, da ta san shi ke nan ɗaya da ko hannunta za a yanke ba ta taɓa shi ba. Sai hawaye. Ta fara ƙoƙarin cire suwaitar, ta ce ba ta cancanci sa ta ba.

"Kar ki cire, Yaya, za ki warware ta," in ji Auta. "Juya. Ban gama ta ba."

Yaya ta dubi jan zaren da ke reto a bayanta, ta dubi Auta, ta gane abin da ya kusa samun ta. Ta juya ta tsaya cak a cikin iskar nan, Auta ta durƙusa ta zaro allura daga jakarta ta rufe bakin rigar, ta yi ƙullin, ta datse zaren da haƙori.

Bayan hutu Auta ta koma gida tare da mijinta, kuma daga ranar Yaya ba ta shiga gidan sai ta ƙwanƙwasa ta ji an ce shigo.

Ku da ke tasowa, ku riƙe wannan. Da Auta ta bar zaren nan a ɗaure da ta sami dariyar minti kaɗan, ta rasa miji, ta rasa uwar miji mai ƙaunarta, kuma da har abada ba ta ji gaskiyar abin da ya faru ba. Haƙurin da ta yi a daidai lokacin da ramuwa ke hannunta shi ya ƙwato mata haƙƙinta. Ku kuma maza, shirun da kuke yi tsakanin matanku da danginku ba sulhu ba ne, wata ce take biyan sa da kuka a ɓoye.