Yatsun Mai Jita

Rufaida tana tankaɗen gari a tsakar gidansu a Tasawa, sai wanta Dalhatu, ɗan kabu-kabu, ya faɗo ya yi fatali da rariyar.

"Ke! Ke ce za ki kawo muna maroƙi gidan nan?"

"Yaya, Misbahu ba maroƙi ba ne. Jita yake koya ma mutane ta wayar portabul, har na Yamai da Faransa..."

Tas! Ya ɗauke ta da mari.

Ubansu Malam Na Allah, maɗorin da duk unguwa ke kai wa karaya, yana zaune gindin bedi. Bai tsawata ba. Cewa ya yi, "Mai kiɗa maroƙi ne. Ba ni ba da ɗiyata ga mai yabon mutane don a liƙa mishi."

Washegari da hantsi Dalhatu ya naɗe sarƙar moto a hannu, ya nufi shagon Misbahu a bayan tasha, inda rezon waya ya fi ƙarfi. Rufaida ta bi shi a guje, ko takalmi babu.

Misbahu ya jingina waya da buta, yana nuna wa wani ɗalibi ta cikin wayar yadda ake danna tsirkiya. Dalhatu ya zaro dala ya manna masa a goshi.

"Wasa ni, maroƙi!"

Misbahu ya cire dalar ya miƙa masa. "Yaya, ina cikin kur, darasi nake bayarwa. Ka yi haƙuri in gama."

"Uban wa ne yayanka?"

Ya fizge jitar ya rotsa ta da bango. Ya shiga zabga masa sarƙa, ya kayar da shi, ya taka hannunsa na hagu da diddige. Ƙas! Rufaida ta kurma ihu ta faɗa kan Misbahu, sarƙar ta tsaga mata gira, jini ya rufe mata ido. Da ƙyar mahauta suka riƙe Dalhatu. Misbahu kuwa, duk da ya fi shi ƙarfi, bai rama ba.

Ina za a kai karaya? Gidan Malam Na Allah. Ɗorin gado ne, kuma maɗori ba ya korar wanda aka kawo masa, ko maƙiyinsa ne. Tsohon ya ɗauko man shanu da kara, ya yi tofi, ya ja yatsun ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya jiƙe Misbahu, bai yi ko tari ba.

Sai wayar ta yi ƙara a hannun Rufaida, don ita ta tsinto ta. Ɗalibin ne, wani Alhaji mai furfura da babbar riga, daga Yamai.

"Na ga komi, Malam! Yanzu zan kira jandarma!"

"A'a, Alhaji, maganar gida ce. Ɗauko jitarka, ba mu gama ba."

Rufaida ta riƙe masa wayar tana hawaye. Alhajin ya fara kaɗawa.

"Tsaya! Wannan ba kiɗa ba ne, ɓarna ce. Na ce ka yanke farce, ba ka yanke ba. Ba ka yi bita ba, ko?"

"Aiki ya yi mini yawa, Malam..."

"To sake. Daga farko!"

Malam Na Allah ya tsaya da ɗaurin tsumma, baki buɗe. Shi dai a duniya bai taɓa ganin maroƙin da ya tsawata wa mai babbar riga ba. Ya ƙarasa ɗorin, ya miƙe, ya ɗauko dorina. Dalhatu yana laɓe a zaure. Tsohon ya tsula masa har sai da ya durƙusa.

"La'ananne! Malami ka karya! Roƙe shi gafara!"

Bayan an yi girbin gero aka ɗaura auren Rufaida da Misbahu. Dalhatu da kansa ya goyo sabuwar jita daga Maradi. Ƙaramin yatsan Misbahu bai sake miƙewa ba, tabon Rufaida ma yana nan. Kullum aka zauna cin tuwo sai Malam Na Allah ya dubi yatsan ya sunkuyar da kai.

To, yara, ku ji. Kiɗa ba abin yabo ba ne, duka kuwa ya fi shi muni. Kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da ke hannunsa, ku jira ku ji abin da ke fita bakinsa. Da Misbahu ya rama, da ya rasa hannu ya rasa mata. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.