Robar da Ba Ta da Suna

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Haushi ne ya sa na ɗauki biro.

Ranar da Nadiya ta fara shiga kemis ɗin Lukman a Ƙauran Namoda, maganin ciwon kai ta je saye. Ya dubi fuskarta da ta kumbura, ya tambaye ta me take sha. Ta fiddo wata farar roba: maganin ƙiba ne na Gwaggo Asabe, ƙanwar babanta, wadda 'yan matan unguwarsu a Zurmi ke saye wurinta.

Ya juya robar gaba da baya. Babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, balle bayanin abin da ke ciki.

"Wanga ko akuyata ba ni ba ta shi," in ji shi. "Ke mi ya rage maki?"

Ta yi fushi ta fita. Ta kuma dawo, ba don ciwon kai ba.

Da manyansa suka je neman aure, Gwaggo ta ce wanda ya zagi sana'arta ba zai auri ɗiyarsu ba, ga Hamisu mai kawo mata kayan daga Shinkafi, shi ya fi. Ta kuma raɗa wa Nadiya cewa babu mai son amarya kamar kara, Lukman ma kunya ce ta hana shi faɗa. Ku ji fa! Nadiya ta yarda, ta koma sha a ɓoye, har ƙafafunta suka kumbura aka kwantar da ita.

A gadon asibiti saƙonsa ya same ta: "Zumata, lafiyarki nike so, ba ƙibarki ba. Ki warke in zo in yi maki faɗa son raina, sannan in aure ki."

Baban Nadiya ya ajiye robar gaban ƙanwarsa, ya ce ta faɗa masa abin da ke ciki. Ba ta sani ba. Aka kira Hamisu, shi ma bai sani ba, ashe a buhu yake sayo ƙwayoyin ya ɗuɗɗura. Nan take Baba ya ba Lukman auren Nadiya.

Da Nadiya ta warke, Gwaggo ce ta yi gyaran amarya, da kunun gyaɗa da madara da dabino, tana dama kunu tana share hawaye.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ni dai ranar bikin ana cikin guɗa na lallaɓa na nemo takalmana, na sulale ta ƙofar baya.